Numfashin Kawu Mai Ƙaho

Tun da Kawu ya rasu mutane ke turo mini hotunansa a waya. A wani yana sanye da farin kwat, ƙaho a baki, kumatu sun cika tam, makaɗansa a jere a bayansa. A wani kuma yana dariya a wata ƙasar Turai tare da wasu mabusa da ban san su ba. Duk wanda ya turo sai ya haɗa da cewa Allah ya jiƙan gwani, ni kuma in ce amin. Ni dai abin da ya fi zauna mini a rai shi ne zuwansa wurinmu a Riyad, da abin da ya biyo baya.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Yana saurayi ya shiga 'yan badujala na 'yan sanda a Kaduna, a can ya koyi busa ƙahon Turawa mai maɓallai uku, ya kuma koyi karanta kiɗa a takarda. Wata rana ya ji faifan jaz a gidan wani abokinsa ɗan Gana, daga nan fareti ya fita masa a rai. Ya ajiye kaki, ya koma Jos, ya tara makaɗa ya zama shugabansu. Sun yi wasa a Legas da Ankara da Khartum, sun ƙetare teku ba sau ɗaya ba. Danginmu ba su taɓa sanin yadda za su yi da shi ba. In an ambace shi a rediyo sai a ƙara murya, a kira maƙwabta su ji. In kuma an zo ɗaurin aure za a gabatar da shi ga surukai, sai a ce tsohon ɗan sanda ne.

A gidansa na zauna lokacin da nake makarantar koyon jinya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Bayan la'asar makaɗan kan taru a garejin gidan. Ina wanke-wanke ina jin su. Ba ya tsawa. In wani ya kuskure sai ya ɗaga yatsa ɗaya, kiɗa ya tsaya cak, ya dubi mai laifin har sai shi da kansa ya faɗi inda ya ɓata. Mutum ɗaya ne ba ya ɗaga wa yatsa, wato mai gangarsa, wani dattijo Birom da suke tare tun farko, wanda mu yaran gida muke kira Baba mai ganga.

Na yi aure, aiki ya kawo mu Riyad. Ni nas ce a sashen masu ciwon ƙirji na wani asibiti, maigidana kuma injiniya ne a wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu. Da muka ji Kawu zai zo Umra, muka matsa masa lamba sai ya biyo ta wurinmu kafin ya koma.

Gidanmu a unguwar Al-Jaradiya tsohon gini ne, babu lif, mu kuma a sama muke. Maigidana ya wuce gaba da jaka, ni ina bayan Kawu. Ba mu kai rabin matakala ba ya tsaya ya dafa bango. Ya yi kamar yana duba fentin.

Na ce, "Kawu, lafiya?"

"Gajiyar ɗawafi ce, Uwata. Ku wuce, ina zuwa."

Ban wuce ba. Na tsaya ina kallon hannun da ya dafa bangon da shi. Kan yatsunsa sun yi kumburi, faratan sun lanƙwashe. Ina ganin irin waɗannan yatsun kullum a wurin aiki, kuma na san abin da suke nufi. Da muka shiga ya zauna, na ɗauko abin sauraren ƙirji na ce wasa zan yi masa. Ya ɗaga riga yana dariya. A ƙasan huhunsa duka biyu na ji wata ƙara siririya, kamar ana murza busasshen ganye. Na cire abin daga kunnena na ce bari in duba tukunya. A kicin na tsaya ina kallon tukunyar, ban ko buɗe ta ba.

Bai zo da ƙaho ba. Da maigidana ya tambaye shi sai ya ce, "Haba Injiniya, a tafi ɗakin Allah da ƙaho?" Amma bakin ƙahon, wato ɗan ƙarfen da ake ɗora leɓe a kai, yana aljihun jallabiyarsa tare da carbi. Da hantsi yakan fito da shi ya ɗan hura, ya yi ƙara kamar ta ƙudan zuma, sai tari ya katse shi, ya mayar aljihu. Daga baya ne Baba mai ganga ya gaya mini cewa an daɗe rabon Kawu da ya busa waƙa guda daga farko har ƙarshe. Wani matashi yake turawa gaba, shi kuma ya tsaya a gefe yana ba da hannu, mutane suna cewa girma ne ya sa.

Ranar da ba ni da aiki muka kai shi unguwar Al-Murabba ya sha iska. Ya ga tsohuwar fadar da aka gina da ƙasa, ya ce ginin ya tuna masa gidajen cikin birnin Zariya. Gidan tarihin da ke wurin kam bai iya zagayawa ba, sai muka zauna a lambun da ke waje, iyalai sun shimfiɗa darduma suna shan shayi. Aka kira magariba. Ladanin masallacin da ke kusa ya ja murya, ya ja, bai yanke ba. Kawu ya ɗaga yatsa, muka yi shiru.

"Kun ji? Daga ciki yake ɗauko ta, ba daga maƙogwaro ba. Wannan ya san aikinsa." "Da can nakan riƙe fiye da haka. Har mai ganga ya gaji ya harare ni."

Ya miƙe zai tafi masallacin, sai da maigidana ya riƙe masa hannu.

Babban likitan sashenmu mutumin Sudan ne, dattijo mai sanyin magana. Na roƙe shi ya duba mini kawuna, ya ce in kawo shi. Da muka shiga ofis ya karɓi katin, ya karanta sunan, ya ɗago kai ya dubi Kawu, ya sake duba katin.

Ya tambaya da Turanci, "Kai ne mai ƙaho? Na Najeriya?"

Kawu ya ce shi ne.

Likita ya miƙe tsaye, ya zagayo tebur ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce mahaifinsa yana da faifansa a gidansu a Omdurman, duk Juma'a bayan an ci abinci sai an sa shi, har su yaran suka haddace. Ya fara rera wani yanki da hanci. Kawu ya saurara, ya girgiza kai, ya gyara masa ƙarshen. Suka yi dariya su biyu. Ban taɓa ganin likitan nan yana dariya haka ba, kuma tun zuwan Kawu ban ga fuskarsa ta sake kamar ranar ba.

Daga nan aka tura mu ɗakin gwajin numfashi. Gwajin ba wuya: a ba mutum bututu ya sa a baki, a toshe masa hanci, ya ja iska iyakar ƙarfinsa ya hura, na'ura ta zana layi. Ma'aikaciyar wata 'yar Filifin ce, ƙawata. Ta fara yi masa bayanin yadda ake cika ƙirji. Kawu ya yi murmushi ya dube ni.

"Gaya mata wannan aikina ne tun ba a haifi ubanta ba."

Ya gyara zama, ya miƙe baya, ya saki kafaɗu kamar yadda na sha gani a gareji. Ya ja, ya hura. Ƙawata tana cewa ya ci gaba, ya ci gaba, amma iskar ta riga ta ƙare. Layin ya ɗan tashi ya faɗi. Kawu ya kalli allon.

"A sake. Ban shirya ba."

Aka sake. Tari ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a sake. Ƙawata ta dube ni, na kau da kai. Ta bar shi ya yi ta yi, fiye da yadda ake bari, layin kuma bai taɓa wuce inda ya tsaya da farko ba. A ƙarshe ya cire bututun ya miƙa mata, ya ce ya gode. Ina tsaye a bayansa da kayan aiki a jikina, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Bayan hoton ƙirji ya fito, likita ya kira ni waje. Ya ce huhun ya ƙandare, tabo ya cinye yawancinsa, kuma ba ya komawa. Akwai maganin da ke rage saurin ciwon, amma an makara. Shekarunsa sun wuce na dashen huhu. Abin da ya rage shi ne iskar oksijin da kulawa.

Ya ce, "Ke ma kin sani, ya ukhti, 'yar'uwata. Tun kafin ki kawo shi kin sani."

Na ce na sani.

Na so in riƙe shi a wurina. Maigidana ya je wurin mandub ɗin kamfaninsu, wato mai bin musu takardu a ofisoshin gwamnati, ya tambaya ko za a iya mayar da bizarsa ta Umra ta zama ta ziyarar iyali. Mutumin ya tambayi dangantakarmu. Da ya ji kawun mata ne sai ya buɗe hannuwa ya ce ma fi, babu hanya. A lokacin uba da uwa da suruki ake ba wa a kan iƙama, wato takardar izinin zama, irin tamu. Na ce wa maigidana ya gaya musu wannan mutumin ne ya riƙe ni, shi ya kai ni makaranta, shi ya ba da aurena. Ya ce ya faɗa, mandub ya ce ya yarda, amma babu gurbin rubuta wannan.

Shi Kawu ma bai so zama ba. Ana gobe zai tafi, bayan sallar la'asar, ina ninke masa kaya a falo, ya kira ni.

"Uwata, zauna. Likitanku mutumin kirki ne, amma ya yi ta kewaye-kewaye. Ke gaya mini. Zan sake busawa?"

Na sha gaya wa 'yan uwan marasa lafiya maganar da ta fi wannan nauyi, da Larabci da Turanci. Da Hausa, ga Kawu, bakina ya ƙi buɗewa. Na sunkuyar da kai ina murza hular da ke hannuna.

Ya ce, "To. Na ji."

Can ya ce, "Kada ki gaya wa yaran. Ni zan gaya musu." Makaɗansa yake nufi, waɗanda wasunsu sun yi jikoki.

Mun haɗa shi da na'urar da ke tace oksijin daga iska, irin wadda ake jona wa wuta. Na koya masa yadda ake sa robar a hanci, na sake koya wa Baba mai ganga ta waya, domin matar Kawu ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa kuma aiki ya watsa su garuruwa. Baba mai ganga ya kwaso kayansa ya dawo gidan Kawu a Jos. Da farko abin ya yi kyau. Kawu yakan kira ni robar na hancinsa, ya ce ya zama ɗan sama jannati.

Sai dai na'ura sai da wuta, wutar Jos kuwa kowa ya san halinta. Akwai janareta, amma wani lokaci mai ya yanke a gari, wani lokaci janaretan ya ƙi tashi. Akwai silindar oksijin ta ko-ta-kwana, ita ma takan ƙare kafin a samo wata. A irin wannan lokacin Baba mai ganga yakan kira ni. Wata rana da azahar ina tsakiyar aiki ya kira, na fita baranda na ɗauka.

"'Yata, sun ɗauke. Silinda babu komai. Yaron da na aika bai dawo ba. Me zan yi?"

Ina jin numfashin Kawu a bayan muryarsa, gajere-gajere, da sauri.

"Baba, ka zaunar da shi. Ka sa masa filo a gaba ya kifa a kai. Buɗe taga."

"Na buɗe."

"Ka samo mafici ka riƙa yi masa fifita a fuska. Ka ce ya tsuke baki in zai fitar da iska, a hankali."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Baba. Ka ci gaba da yi."

Shi ke nan ɗin kuwa. Iyakar abin da karatuna da shekarun aikina suka iya aika masa ke nan. A bayana, ta cikin gilashi, kowane gado da bututunsa a jikin bango, in ka murɗa sai iska ta zo, ba ta yankewa dare da rana. Na tsaya riƙe da waya ina jin ƙarar mafici har wutar ta dawo. Sannan na koma ciki na murɗa wa wani tsoho Basa'ude nasa, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Na nemi hutu. Shugabar nas-nas ɗinmu ta ce ta fahimta, amma ma'aikata sun yi ƙaranci, wasu sun ajiye aiki ba a kawo madadinsu ba, in jira a samu sarari. A nan kuwa ba a ɗaukar jaka kawai a nufi filin jirgi, sai wurin aikinka ya sa hannu an ba ka izinin fita da dawowa. Na yi tunanin in ajiye aikin gaba ɗaya. Na faɗa wa Kawu, ya tara numfashi ya ce, "In kin zo, ke za ki kawo wutar?" Na yi dariya don ya ji daɗi. Na ci gaba da jira.

Ranar da ya rasu ina aikin safe, wayata tana cikin loka. Da na fito hutun cin abinci na tarar da kira rututu, na mahaifiyata, na 'ya'yansa, na Baba mai ganga. Shi na fara kira. Ya ce da hantsi ne. Ya sha kunu, ya ce a buɗe masa rediyo, ya jingina, shi ke nan. Akwai wuta ma a lokacin, na'urar tana aiki. Ya maimaita mini wannan, wai don kada in sa wani abu a raina. Ya ce an riga an yi masa wanka, ana jiran azahar.

Na shiga ɗakin ajiye zannuwan gado na rufe ƙofa. Ban daɗe ba, domin akwai allurar da lokacinta ya yi. Sa'ad da ake binne shi ina canza wa wata mata ledar ƙarin ruwa. Kafin in tashi aiki likitan nan ya zo har sashenmu, ya tsaya a gabana ya ɗaga tafukansa kamar yadda mutanen Sudan ke yi, muka karanta Fatiha. Ya ce zai kira mahaifinsa ya gaya masa, amma bai san ta inda zai fara ba, domin tsohon ya yi murna ƙwarai da ya ji ɗansa ya gaisa da mai ƙahon.

Matan 'yan Najeriya da muke zumunci da su sun zo mini ta'aziyya a gida, da kulolin abinci da dabino. Yawancinsu ba su san shi ba. Wata ta tambaye ni waƙar me yake yi, na ce ba ya waƙa, busa yake. Ta ce, "Au, kamar algaita?" Na ce kusan haka. Wata kuma ta yi addu'a mai tsawo, ta ƙare da cewa Allah ya yafe masa kaɗe-kaɗen da ya yi. Na ce amin tare da kowa.

Bayan arba'in makaɗansa suka shirya wasan tunawa da shi a Jos. Wata jikarsa ta kira ni ta bidiyo ta ɗaga wayar don in gani. Hoton yana tsayawa, sautin yana zuwa guntu-guntu. Na ga Baba mai ganga a bayan gangunansa ya rame, na ga matashin da ke busa a gaba, sai layin ya yanke. Na yi ta kira bai shiga ba.

Daga baya rigima ta taso a kan ƙahon. Baba mai ganga yana so a ba matashin, ya ce abin busa in an ajiye shi lalacewa yake yi. Babban ɗan Kawu ya ce kayan gado ne, ba ya fita daga gida. Kowannensu ya kira ni yana so in sa baki, wai ni ce uwar Kawu, za a ji maganata. Na yi wa ɗan magana sau ɗaya, ya saurare ni da ladabi, ya ce zai duba. Ƙahon yana Abuja yanzu cikin akwatinsa a saman kabad. Ƙungiyar ba ta kai shekara ba ta watse. Matasan sun koma kiɗan biki da na coci, Baba mai ganga ya tafi wurin 'yarsa a Lafiya.

Hutuna ya fito bayan komai ya wuce. Shugabarmu ta zo da fara'arta ta ce mabruk, wato barka, an sa hannu. Na yi mata godiya. Na tafi gida, na gaisa da mutane, aka yi ta yi mini ta'aziyyar da ta riga ta huce a wurinsu. Ana saura kwana kaɗan in dawo na roƙi ƙaramin ɗan Kawu ya kai ni maƙabarta. A wurinmu mata ba sa shiga, don haka ya tsaya da mota a bakin titi, muka fito muka tsaya jikin katanga. Katangar ta kai mini kafaɗa. Ya miƙa hannu ya nuna.

"Ta can ne, Yaya, wajen bishiyar nan."

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ya daɗe yana dubawa. Damina ta sauka a kai, ciyawa ta rufe wurin, an kuma yi sababbi da yawa a layin. Ya ce yana jin na biyu ne daga bishiyar, ko kuma na kusa da shi. Na ɗaga hannu na yi addu'a ga layin gaba ɗaya. Masu acaba suna ta yi mana hon saboda motarmu ta tare hanya, sai muka shiga muka tafi.